Waya Mai Kai Biyu

Malam Ya'u ne ya ta da injin da ya jefo Inuwa mai gyaran wuta daga kan tsani. Ranar Laraba ce, bayan azahar, a wani lungu na Hayin Banki a Kaduna, cikin zafin bazara.

Malam Ya'u tsohon direban babbar mota ne, mutumin Katsina. Shekara talatin da ɗaya yana jan kaya tsakanin Kaduna da kudu, bai taɓa take ko akuya ba. Ba ya faɗin wannan magana sau biyu a rana, amma ba ranar da ba ya faɗinta. Da ido ya fara rauni, da kansa ya ajiye tuƙi, ba wanda ya ce ya ajiye. Ya zauna a gidansa mai ɗaki uku da zaure, shi da matarsa Harira. 'Ya'ya duk sun girma, kowa na gidansa.

Harira na sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Firizarta ce ke riƙe da tukunyar gidan, ko da yake ba mai faɗin haka a gaban Malam. Wuta kuwa a unguwar sai ta ga dama. Shi ya sa akwai janareta a gefen zaure, cikin keji na ƙarfe a waje, inda iska ke kwashe hayaƙi.

Yadda Malam Ya'u ke haɗa injin da gida, haka rabin unguwa ke yi. Akwai waya mai kai biyu. Kai ɗaya a jikin inji, ɗaya a soket ɗin bangon zaure. Wutar inji sai ta bi wayoyin gida ta zaga ko'ina. Sharaɗi ɗaya ne. Kafin a ta da inji sai an zare fis ɗin da ke ƙarƙashin mita, wanda ya haɗa gida da layin gari. In ba a zare ba, wutar inji ba ta tsayawa a gida. Fita take yi ta hau falwaya, ta sami duk wanda ke can.

Malam Ya'u ya san wannan sarai, har ya kafa wa kansa doka. Fis ɗin baƙi ne, mai nauyi, yana cika tafin hannu. Yakan zare shi ya jefa a aljihun riga na dama. In ya isa gaban inji sai ya dafa aljihun. In ya ji nauyi, ya ja igiya. In bai ji ba, ya koma. Shekara tara yana haka. Ba mai taɓa fis ɗin sai shi. In ya fita unguwa aka ɗauke wuta, sai Harira ta zauna tana kallon ƙanƙararta na zama ruwa har ya dawo.

Inuwa ya sha yi masa magana. Shi Inuwa magidanci ne, ya haura arba'in, a Rafin Guza yake zaune, amma shi mutanen lungun ke kira in waya ta ba da matsala.

"Baba, ka bari in sa maka canjoba," yakan ce. "Ɗan akwati ne mai hannu. Ka ɗaga sama, wutar gari. Ka danna ƙasa, ta inji. Biyun ba sa haɗuwa ko da mutum ya manta."

"Wa zai manta?"

"Kowa ma, Baba."

"To kowa ya je ya saya. Ni ga akwatina nan." Sai ya nuna kansa da yatsa.

Ranar Litinin aka yi iska mai ƙarfi, irin wadda ke zuwa gaban ruwan farko. Ta tsinke wayar da ke ba gidaje huɗu wuta, daidai kan falwayar bakin lungu. Gidan Malam Ya'u na cikinsu. Aka aika wa Inuwa, ya ce sai Laraba.

Larabar da safe Malam Ya'u ya je Kawo ya sayo kwaɗo, don na kejin inji ya lalace. Kwaɗo ne babba, mai nauyi. Ya jefa shi a aljihun dama ya dawo. Ya yi azahar. Harira ta tare shi a tsakar gida.

"Malam, kunun nan ya fara canza wari. A taimaka a ta da injin."

Ya fito zaure, ya soka kan wayar a bango. Ya miƙa hannu zai zare fis ke nan sai ga sallama. Alhaji Idi ne, mai shagunan bakin lungu, mutum mai dogon gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi zafi, ya tambayi 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, ya kawo labarin wani fili a Katabu. Da ya tafi, Malam Ya'u ya nufi keji. Ya dafa aljihu. Ya ji nauyi. Ya ja igiya.

Injin ya yi tari sau biyu, ya kama.

Ba a daɗe ba sai ihu daga bakin lungu.

"Innalillahi! Wuta ta ja Inuwa! Ku zo, ya faɗo!"

Hannun Malam Ya'u ya kashe injin tun kafin kansa ya gama fahimta. Ya sa hannu a aljihu. Kwaɗo ya fito. Ya tsaya yana kallonsa. Ya koma zaure da sauri. Fis na nan a mazauninsa, baƙi ƙirin, ba wanda ya taɓa shi. Ya zare shi, ya zare wayar daga bango. Da ya juya sai ya ga Harira a ƙofar ciki. Ta dubi fis ɗin, ta dubi fuskarsa. Ta koma ciki.

Allah ya yi da sauran kwana. Akwai tulin yashi a gindin falwayar, na wani mai gini, a kansa Inuwa ya faɗa. Tafin hannunsa na dama ya ƙone, tsintsiyar hannun ta karye. Aka sa shi a keke mai ƙafa uku aka yi asibiti da shi.

Jama'a suka rage a wurin, kowa na son ya san wutar daga ina ta fito, tunda ta gari ba ta nan. Inji ɗaya ne ke ƙara a lokacin, na Bello mai aski, wanda shagonsa ke daf da falwayar. Bello mutumin Zamfara ne. Shekara biyu ke nan da ya baro ƙauyensu da mata da 'ya'ya uku, ya kama shago a wurin Alhaji Idi, yana kwana da iyalinsa a ɗakin bayan shagon.

"Wallahi ba ni na ba," in ji Bello, hannu biyu a sama. "Injina bai haɗe da bango ba. Daga abin aski sai fanka. Ku shigo ku gani!"

Ba wanda ya shiga. Alhaji Idi ne ya fi kowa ɗaga murya.

"In ba kai ba, wa? Gida huɗu ne kan wayar nan. Biyu ba su da inji. Ko Malam Ya'u za ka ce?"

Aka yi dariya. Dariya ta gaske, don ba wanda zai iya kawo wa ransa haka. Wani ya ce, "Malam da ke kwana da fis a aljihu!" Malam Ya'u na tsaye a bayan mutane, fis a aljihu ɗaya, kwaɗo a ɗaya. Ya ji Alhaji Idi na cewa Bello ya kwashe kayansa kafin Lahadi, ba zai ajiye mai kashe mutane a shagonsa ba. Ya juya ya koma gida.

Alhamis ta wuce. Bai ta da inji ba, Harira kuma ba ta ce a tayar ba. Ta kwashe kunun da ya lalace ta zubar a kwata, ta wanke robobin, ta kife su a rana. Ta kawo masa tuwo, ya ci loma biyu ya ture. A masallaci yana ganin Bello a sahun baya, mutane na barin fili tsakaninsu da shi. Shagon aski a buɗe, kujera ba kowa.

Ranar Juma'a da yamma yana zaune a tsakar gida, Harira na tsintar shinkafa. Ba ta ɗago ba ta yi magana.

"Matar Bello ta shigo ɗazu. Buhu take nema na ɗaure kaya. Na ba ta biyu."

Ya kau da kai. Ta ci gaba.

"Ta ce ba su san inda za su nufa ba. Ƙauyen ba ya komuwa."

"Na tambaye ki?"

"Ba ka tambaye ni ba, Malam." Ta watsar da tsakuwa. "Ni dai in ka ce ban ga komai ba, ban gani ba. Shekara arba'in ban taɓa kai maganarka waje ba. Amma ba ni kaɗai na gani ba. Ka san wanda ya gani."

Ya tashi ya shiga zaure ya zauna shi kaɗai. Ya tuna ranar da ya ajiye tuƙi. A hanyar dawowa ne, da hantsi, wani mutum ya tsallaka titi da jaki, shi kuwa bai gan su ba sai da ya kusa. Ya kauce, ba abin da ya faru, ba wanda ya lura. Yana isa Kaduna ya miƙa makulli. A ran nan bai jira an ce masa komai ba. Ya dubi hannuwansa. Su ne dai, ba a canza masa wasu ba.

Asabar da sassafe ya sa riga ya tafi Rafin Guza. An sallamo Inuwa daga asibiti da yammacin Juma'a. Ya same shi a ƙofar gida kan benci, hannun dama naɗe da filasta har gwiwa, yana fama da kofin koko da hagu.

Suka gaisa. Malam Ya'u bai zauna ba.

"Ni ne," ya ce.

"Na sani, Baba."

"Ka san me?"

"Injinka na tari sau biyu kafin ya kama. Ni na sha gyara shi. Ina kan tsani na ji tarin, na ce a raina ai Baba ya zare fis. Ban gama faɗa ba na ji ni a yashi."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ina kwance ana ɗura mini ruwa zan faɗa wa wa? Jiya na ji abin da aka yi wa Bello. Na ce zan jira ka yau. In ba ka zo ba, gobe in je wurin Alhaji Idi da kaina." Ya kurɓi koko. "Amma na san za ka zo. Na ma ce a ƙara ƙosai."

Malam Ya'u bai yi dariya ba. Ya dubi filastar.

"Hannun zai koma?"

"Sun ce zai koma. Wata biyu."

"Ka yafe mini."

"Na yafe, Baba. Zauna mana, kana tsaye kaina kamar ɗan sanda."

Ya zauna a bakin benci. "Faɗi abin da zan yi."

"Abin da na daɗe ina faɗa. Akwatin nan."

"Wa zai sa? Hannunka a ɗaure."

"Naka a sake yake. Mutumin da ya kwance injin babbar mota a daji ya mayar, bakin waya shida ne zai gagare shi? Ni ne ido da baki, kai ne hannu. Abin da na ce shi za ka yi, ba gardama."

"Ni za ka ba umarni?"

"Gobe kaɗai, Baba. Jibi ka koma ba ni."

Inuwa ya faɗa masa irin akwatin da zai saya, da kaurin wayar, da ƙaramin ƙwan fitila ja da mazauninsa. Ya maimaita sau biyu. Malam Ya'u ya shiga gari ya sayo, ya ajiye a zaure. Amma akwai abin da ya riga akwati.

Bayan sallar la'asar, mutane na shirin neman takalma, ya miƙe a sahun gaba.

"Jama'a, ku dakata."

Aka dakata. Ba a saba jin muryarsa a masallaci ba.

"Ni na ta da injin da ya jefo Inuwa. Ban zare fis ba." Ya ciro kwaɗon ya ɗaga. "Wannan na dafa a aljihu, na ɗauka shi ne. Bello ba shi da laifi. Na sani tun Laraba na yi shiru. Wannan ma laifina ne."

Alhaji Idi ya gyara hula.

"Haba Malam, ai kuskure ne, kowa..."

"Ban gama ba, Alhaji. Shagon fa?"

"To, ai tunda haka ne... ya zauna mana. Ni dama ban so ba."

Malam Ya'u ya bi ta tsakanin sahu har baya, inda Bello ke zaune. Ya tsaya a gabansa.

"Kwana uku na bar ka da kayan da ba naka ba. Ka yafe mini."

Bello ya miƙe da sauri, ya rasa inda zai sa hannunsa. Idonsa ya kawo ruwa.

"Na yahe, Baba. Wallahi na yahe."

A hanyar gida ba wanda ya yi wa Malam Ya'u magana. Wasu sun kau da kai don kunyarsa, wasu kuwa ya san abin da za su faɗa in sun isa majalisa. Bai sa ido a ƙasa ba. Ya shiga gida ya ce wa Harira, "Ki je ki karɓo buhunanki."

Lahadi da hantsi Inuwa ya iso da jakar kayan aiki a kafaɗar hagu. Aka sa masa kujera a zaure. Bello ya rufe shago ya zo ba a kira shi ba. Wasu maƙwabta suka tsaya a bakin ƙofa, wai wucewa suke yi.

"Fis na ina?" in ji Inuwa.

Malam Ya'u ya ciro shi daga aljihu.

"Ba a aljihu ba. Ajiye shi nan kan cinyata, inda kowa ke gani."

Ya ajiye. Inuwa ya tashi, ya sa testa, abin gwada wuta, da hagu a kan wayoyin da suka fito daga mita, ɗaya bayan ɗaya. Ba haske.

"Ai wayar a tsinke take tun Litinin," in ji wani daga ƙofa.

"Ni ma haka na ce ranar Laraba," in ji Inuwa. "Yanzu ko wayar shanya ce sai na gwada."

Suka kafa katako a bango kusa da mita, Bello na riƙewa, Malam Ya'u na buga ƙusa. Suka ɗaure akwatin a kai. Launin toka ne, na ƙarfe, da hannu a gefen dama. Inuwa ya sa aka buɗe murfin. A ciki akwai baki shida: biyu a sama, biyu a tsakiya, biyu a ƙasa.

"Na sama na gari ne, daga mita za su zo. Na ƙasa na inji. Na tsakiya su ne gida. Ka ga wuƙaƙen nan biyu? Hannun ne ke kai su sama ko ƙasa. Motsa ka gani."

Malam Ya'u ya ɗaga hannun, ya ji ƙas. Ya dawo da shi tsakiya. Ya danna ƙasa, ƙas. Ya sake, a hankali, yana leƙen wuƙaƙen.

"Giya ce," ya ce.

"Na'am?"

"Giya ce. Gaba, firi, baya. Mota ba ta shiga biyu lokaci guda." Ya ɗago. "Me ya sa ba ka ce mini giya ce ba tun shekara tara?"

"Ka taɓa bari na kai ƙarshen magana, Baba?"

Mutanen ƙofa suka yi dariya. Malam Ya'u ya harare su, suka haɗiye.

Aka shiga aiki. Ya yanke wayoyin da suka tashi daga mita zuwa cikin gida, inda Inuwa ya nuna. Ya fere bakinsu da filaya, ya murɗa zaren jan ƙarfen har ya haɗe. Ya sa na mita a sama, na gida a tsakiya. Duk wanda ya ɗaure sai Inuwa ya ce ya ja ya gani.

"Ƙara matsewa. Wayar da ta yi sako-sako ita ke zafi, ita ke cin akwati."

Da aka zo na ƙasa, zaure ya ɗan yi duhu saboda mutanen da suka tare ƙofa. Malam Ya'u ya soka waya zai ɗaure.

"Tsaya, Baba. Wace ce wannan?"

"Ja."

"Baƙa ce."

"Na ce ja ce."

"Malam, baƙa ce," in ji muryar Harira daga bayan labule.

Ya matso da wayar kusa da ido. Ya daɗe yana dubawa. Ya zare ta.

"Baƙa ce. Ku ba ni haske, ku da kuka tsaya kamar an dasa ku."

Aka dare. Ya sa ja a layin ja, baƙa a layin baƙa. Sabuwar wayar inji mai kauri ce, bakinta ɗaya a ɗaure cikin akwati, ɗayan ne kawai ke da kai, shi ke shiga jikin inji. Suka bi da ita ta jikin bango da ƙananan ƙusoshi har keji. Suka haɗa jikin akwatin da wayar da ke shiga ƙasa. Daga ƙarshe suka ɗaura ɗan jan ƙwan a sama, a ɓangaren gari, don in an kawo wuta ya nuna.

Azahar ta yi suka je suka dawo. Sai gwaji.

"Mai da fis," in ji Inuwa.

Malam Ya'u ya tsaya. "A mayar? Inji za mu tayar."

"Shi ya sa. Mai da shi. Daga yau can zai zauna. Ba kowa kan falwaya, na sa an duba."

Ya mayar da fis ɗin, zuciyarsa ba ta so. Ya sa hannun akwati a tsakiya. Ya fita gaban keji. Hannunsa ya tafi aljihun dama da kansa, ya dafa, ba komai. Ya daɗe a tsaye. Ya ja igiya. Tari biyu, injin ya kama. Ya dawo ya danna hannun ƙasa. Fankar zaure ta fara juyawa. Daga ciki aka ji firiza ta yi gurnani.

Inuwa ya miƙa masa testa. "Taɓa na tsakiya."

Ta yi ja.

"Taɓa na sama."

Ba komai. Ya sake taɓawa, ya danna sosai. Ba komai.

"Ka gani? Fis na ciki, inji na aiki, ko ɗigo bai fita waje ba. Yanzu ko na kwana kan falwaya ba ruwanka."

Malam Ya'u ya rufe murfin, ya ɗaure. Akwai 'yar kafa a jikin hannun inda ake sa kwaɗo. Ya ciro kwaɗon nan daga aljihun hagu, ya dube shi, ya dubi kafar. Sai ya miƙa wa Bello.

"Kai wa keji. Can aka saya masa." Ya juya wajen labule. "Harira. Zo ki koya."

Ta fito tana gyara mayafi. Mutanen ƙofa suka ja baya.

"Ni, Malam?"

"Akwai wata Harirar? Ki ji. In an ɗauke wuta, ki kashe firiza tukun. Ki kawo hannun nan tsakiya. Ki ta da inji, ki bari muryarsa ta daidaita. Sannan ki danna ƙasa, sannan ki kunna firiza. In jan ƙwan can ya kama, an kawo ta gari. Tsakiya, sama, sannan ki kashe inji. Faɗa mini."

Ta faɗa, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

"Igiyar fa, Inna?" in ji Inuwa. "Tana da tauri."

"Ɗan nan, hannun da ya shekara arba'in yana daka?"

Aka kashe injin. Ta fita ta ja sau ɗaya, ya kama, ko tari bai yi ba. Bello ya juya fuska bango yana dariya. Malam Ya'u ya ce injin ya riga ya yi zafi ne, shi ya sa.

Litinin wani abokin aikin Inuwa, Nura, ya hau falwaya ya haɗa wayar, bayan Inuwa ya bi gidajen huɗu da ƙafarsa ya duba. Da la'asar jan ƙwan ya kama. Malam Ya'u na Kawo a lokacin. Da ya dawo ya tarar hannun na sama, inji a kashe, Harira na ƙulla zoɓo.

Mutanen lungu sun yi maganarsa mako guda, suka gaji. Sai wani maƙwabci ya zo ya ce ko za a sa masa irin akwatin. Bayansa wani. Hannun Inuwa na naɗe, saboda haka tafiyar ta zama ta mutum biyu: Inuwa a kujera yana faɗa, Malam Ya'u a tsaye yana ɗaurewa. Kafin a kwance filastar sun sa huɗu. A kowane gida sai Malam Ya'u ya ce a kira matar gidan ta koya. In maigida ya fara cewa shi ba ya mantuwa, sai Malam ya dube shi kawai, maganar ta mutu.

Tsohuwar wayar mai kai biyu kuwa bai jefar ba. Ya naɗe ta ya rataye a ƙusa a zaure, sama da inda yake zama. Harira ta ce ya ba masu gwangwan. Ya ce a bar ta, yana son ya riƙa ganinta.

Wata safiya, damina ta kankama, sai ga Alhaji Idi da sallama. Ya tambayi gida, ya tambayi ruwa, ya tambayi 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya. Idonsa na kan ƙusa.

"Malam, gobe sunan jikana. Na aro babban inji, ga baƙi daga Zariya, ga wuta ba tabbas. Na ce bari in zo ka ara mini wayar can, tunda kai ka huta da ita."

"Ka sa akwati."

"Zan sa, wallahi zan sa, bayan suna. Yini ɗaya ne kawai."

"Inuwa na nan. Ni ma ina nan. Kafin la'asar mun gama."

"Ina lokaci, Malam? Ga raguna, ga rumfa, ga masu abinci. Fis ne dai, ni da kaina zan zare in sa a aljihu. Ka san ni, ba na wasa da irin wannan." Ya miƙe ya kai hannu wajen ƙusar. "Maƙwabtakar shekara ashirin, waya ce za ta gagara?"

Malam Ya'u bai tashi daga inda yake ba. Bai ɗaga murya ba.

"Sauke hannunka, Alhaji. Ba zan ba ka ba."